Karatun Lantana a Birnin Jiyau

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya tsaga kunne Ya tsaga ido, Ya ba kowanne aikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ku gyara zama, mai shayi ya ƙara gawayi, don labarin nan ba na tsaye ba ne. Ni ne Malam Tanimu na Ringim, wanda yara suka laƙaba wa suna Rediyo, wai don in na fara magana sai an cire batir. Ban taɓa jin haushin sunan ba, gaskiya suka faɗa.

Na tsufa ina koyar da Turanci a firamare. Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan shi ne mantuwa. Ka koya wa yaro abu ranar Alhamis, ya dawo maka Litinin fes, kamar an wanke allo. To bayan na yi ritaya, sai wani falke mai fataucin kanwa ya ba ni labarin wani gari can bakin Tekun Gishiri, sunansa Birnin Jiyau, inda mutane ba sa manta abin da kunnensu ya ji ko da sau ɗaya ne. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce shi ma ji ya yi, bai je ba. Duk da haka maganar ta zauna mini a rai, na ce kafin in mutu sai na ga ɗaliban da ba sa mantuwa, ko na ɗanɗani daɗin malanta. Na ɗaure buta da ganyen shayi da ɗan matashi, na haɗa da kwalin alli da ƙaramin allo da wani tsohon littafin karatu na 'yan aji uku da ya rabu da bangonsa, na bi ayari.

Inda ayari ya juya, nan na ci gaba ni kaɗai, har na faɗa Kwazazzabon Aku. Wuri ne mai duwatsu da hanyoyi barkatai, aku kuwa sun fi ganyen itatuwan yawa. Duk matafiyin da ya taɓa ratsawa sun haddace muryarsa. Sai ka ji daga dama an ce, "Malam, ga hanya nan," da muryar dattijo mai kamala. Ka nufa can, sai mace ta ce daga hagu, "Bawan Allah, rami ne a gabanka, dawo nan." Na wuni ina zagaya dutse ɗaya. Har tawa muryar suka ɗauke, na riƙa jin kaina ina yi wa kaina faɗa daga saman reshe. Da gwiwoyina suka gaza na zauna na ce, Tanimu, tsuntsun nan bai san abin da yake faɗa ba, kai da ka sani me ya kai ka bin sa? Na farke gefen matashina, na ciro auduga na toshe kunnuwa. Duniya ta yi tsit. Da na duƙa sai ga busasshen kashin jakuna a jere, fatake kuwa ba sa kai jakunansu hanyar da ba ta ɓullewa. Shi na bi har na fita, na cire audugar na jefa a aljihu.

Daga nan na iske wani kogi da ake haye shi cikin ƙwarya, kowace ɗaya ta kai girman ɗaki. Masu fiton ba sa karɓar komai sai waƙa, sharaɗin kuwa ka yi ta rerawa har a kai gaci. Ni da muryata sai a hankali. Ba mu kai tsakiya ba mai fiton ya ce, "Baba, don Allah ya isa, ka biya har na dawowa."

Bayan kogin ne Birnin Jiyau yake, a jingine da teku, da wani tudu mai yawan itatuwa a arewacinsa. Mutanen jikokin wani ayari ne da ya ɓata tun zamanin da, don haka Hausa suke yi, irin ta kaka da kakanni. In sun gamu da baƙo ba sa tambayar gajiya, sai su ce, "Me ka jiyo?" Babu rubutu a garin ko na gaɓa ɗaya. Iyakar gona, da asalin kowane gida, da maganin kowace cuta, duk suna cikin kan mutum ɗaya da suke kira Riƙau, shi kuma yakan zuba wa magajinsa tun yana yaro. Na gwada yaran kasuwa da wata doguwar jimla ta Turanci, suka mayar mini da ita daidai, har da tarin da na yi a tsakiya. Wallahi sai da na ji ƙwalla, na ce yau na zo aljannar malamai.

Aka sauke ni gidan wata mai tuyar waina, Goggo Tabawa, tsohuwa mai kaifin baki da sakin hannu. A gidan akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, siririya, mai manyan idanu. Na lura in ana magana takan karkato da kai ta miƙo kunnen hagu. Da ta fita ɗebo ruwa na tambaya.

Goggo ta juya waina ta ce, "Lantana ke nan, 'yar ƙanena Cindo, Riƙau na garin nan. Ita aka sa ran za ta gaje shi, don ba a taɓa haihuwar mai kunne irin nata ba. Bara ciwon sanƙarau ya kwantar da ita. Ta tashi, amma kunnen dama ya tafi, na hagu kuma yana bin sa a hankali."

"To in ya tafi fa?"

Ta nuna mini tudun nan da baki. "Tudun Shiru. Duk wanda ya kurmance can ake kai shi kiwon zuma. Ba a dukansu, ba a barin su da yunwa. Amma ba mai zuwa hira, don me za ka faɗa wa wanda ba ya ji? In mutum ya hau, marigayi ne kawai ba a ce masa. Bana in an gama cirar zuma za a hau da ita."

Na ajiye wainar da ke hannuna. Na ce, "Babu wata hanya?"

"Akwai wadda ba ta biyuwa. Duk shekara bayan damina jirgin ruwa kan zo sayen zuma daga Mahaɗa, wani gari a hayin teku inda ƙabilu suka taru suna Turanci. A ciki akwai wata malama, ita ma kurma ce, tana da makarantar irinsu. In yaro ya iya gane zanen nan nasu ya mayar da amsa da hannunsa, sai ta tafi da shi in ubansa ya yarda. Tana zuwa, tana komawa hannu rabbana. Mu wa ya iya zane?"

Na dafa jakata na ce, "Goggo, abin nema ya samu."

Washegari na je gaida Riƙau Cindo. Dogon mutum ne, marar yawan motsi, in yana sauraronka yakan rufe ido. Na zuba masa bayani iyakar iyawata, kun kuwa san iyawata. Da na gama ya ce, "Malam, zane ko kaji suna yi a bola. Abin da ba a ji ba, ba a sani ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, a wajenmu cewa ake gani ya kori ji." Mutanen da ke zaure suka yi salati kamar na zagi iyayensu. Shi kuwa bai ko buɗe ido ba, ya ce, "Ka yi wasanka da ita har jirgi ya zo, ya rage mata zaman tunani."

Muka fara da faɗuwar ruwan farko, a gindin ceɗiyar gidan Goggo. Nakan zauna ta hagunta, in ɗora yatsa a kan layi, in karanta da ƙarfi, in fassara mata. Sai ta karɓi littafin, ta ɗora nata yatsan, ta karanta tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Kafin gero ya kai gwiwa ta sauke littafin gaba ɗaya. Kaina ya kumbura. Na riƙa yawo a kasuwa ina cewa a kawo jirgin gobe ma in ana so.

Goggo tana da wata farar akuya da ba ta da aiki sai ɓarna. Wata rana na bar littafin a kan turmi na shiga alwala, na fito na iske ta cinye labarin manomi da rijiya sukutum, tana tauna tana kallona. Na bi ta da buta, ta haye katanga. Da Lantana ta zo darasi ban ce mata komai ba, don kunya. Ta buɗe littafin, ta yi ta karatu har ta iso inda aka cinye, sai kawai na ji ta shiga labarin manomi da rijiya, yatsanta yana tafiya a kan shafin da ke maganar kasuwar kifi.

Na karɓi littafin na juya shi ƙasa a sama na miƙa mata, ta ci gaba ba ta ko lura ba. Na ɗauki allo na rubuta kalma ɗaya, wadda ta karanta mini ba adadi, na ɗaga mata. Ta dubi allon, ta dube ni, ta miƙo kunne.

"Malam, ai ba ka faɗa ba tukuna."

"Lantana, da kike bin layi da yatsa, me kike gani?"

"Ƙwayoyi baƙaƙe. Na ɗauka yatsan ladabi ne na masu Turanci. Ba haka ake karatun ba?"

Yarinyar ba yaudarata ta yi ba, abin da aka haife ta a kai ta yi, ni ne daɗin yabo ya rufe wa ido. Ga damina ta raba, ga kunnen yana ƙara nisa, ranar da ya rufe kuwa ba wanda zai sake faɗa mata komai ta maimaita. Na sa hannu a aljihu don in ɗauko goro, sai na ji audugar nan ta Kwazazzabon Aku. Na daɗe ina murza ta a hannu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kashegari na toshe kunnuwana na ja hula na rufe, na kama bakina. Ni Tanimu, da ko a barci aka ce ina surutu. Na ɗauki alli na bi gidan ina rubuta wa kowane abu sunansa da Turanci: ƙofa, turmi, randa, tanda, murhu. Akuyar ma na kama ta na rubuta mata nata da gawayi a haƙarƙari, na ce ke kika jawo. Sai in nuna wa Lantana kalmar da ke jikin randa, in miƙa mata littafin, in yi mata alama ta nemo 'yar'uwarta a ciki. Tun da ta haddace littafin, takan bi shi a zuci kalma bayan kalma har ta iso wurin, ta ga siffarta. Haddar da ta rufe mini ido ita ta zama mana tsani.

Amma akwai abin da ban yi la'akari da shi ba. A Jiyau shiru ma'ana ɗaya gare shi. In aka daina yi wa mutum magana, to an sallama shi ga tudu ke nan. Na ga yarinyar tana ta ƙanƙancewa, ba ta cin abinci sosai, na ɗauka wahalar darasi ce. Ran nan na miƙa mata allo, sai ta ture shi ya faɗi a ƙasa.

Na ga bakinta yana motsi, hawaye na zuba. Na zare audugar kunne ɗaya, sai na ji tana cewa, "Baba ya daina yi mini magana tun kafin shuka. Yanzu kai ma, Malam? Ku bari in tafi tukuna mana."

Ban san lokacin da nawa idon ya cika ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in rarrashe ta, amma na daure. Na cire hula, na zaro ɗaya audugar a gabanta, na ɗora su a tafin hannunta. Ta dube su, ta dubi kunnuwana. Sa'an nan na ɗauki allon na kakkaɓe, na rubuta gajeriyar jimla da kalmomin da ke cikin littafin, amma a jerin da ba ta taɓa ji ba. Ta share ido ta ƙura wa allon. Ta taɓa kalmar farko, ta buɗe littafi ta nemo ta. Ta taɓa ta biyu, ta uku. Can sai ta ɗago kai a hankali ta ce da Hausa, "Ina nan. Cewa ka yi, ina nan."

Na gyaɗa kai. Ta ce, "Ban ji ka faɗa ba." Na sake gyaɗa kai. Ta rungume allon, ni kuma na tashi na hura wutar shayi don kada ta ga fuskata.

Daga ranar muka yi yarjejeniya. Da safe, tun da sauran ji, nakan raɗa mata sautin haruffa ɗai-ɗai a kunnen hagu, ta ajiye a inda ba ya ɓata. Jimla kuwa ta ido ce, ba na faɗa. Sauran wunin sai in mayar da auduga, mu yi ta hira a kan allo. Goggo takan leƙo daga madafa ta ce, "Ikon Allah, mai bakin ganga ya yi shiru. Lantana, ki roƙa mana ya ɗore."

Karatu ya kankama, sai rubutu ya tsaya mana a wuya. Hannunta da kyau, in na rubuta ta kwafa kamar an buga. Amma in na ce ta rubuta nata, sai ta ajiye alli ta sunkuyar da kai. Da na matsa ta ce, "Malam, a Jiyau yaro ba ya ƙago magana a gaban babba. Abin da aka ba shi yake mayarwa. Wanda ya ƙara nasa, fitsararre ne." Malamar jirgi kuwa ba kwafi za ta nema ba.

Na yi lallashi, na yi cin hanci da alewa, duk a banza. Sai wata dabara ta zo mini, don na lura 'yar Riƙau ce ta gaske, ba ta iya jure a faɗi abu ba daidai ba. Na ɗauki allo na rubuta cewa akuya ta fi Lantana ilimi, don ita ta cinye littafi. Na jingine shi a jikin turmi na koma gefe ina shan shayi. Ta karanta, ta harare ni. Ta tashi ta yi shara, ta dawo ta sake karantawa. Can sai ta fizgi allon ta goge da gefen zane, ta duƙa tana rubutu har tana cije leɓe. Ta dangwara mini a gaba. Turancin a karkace yake, wata kalmar ta rasa ƙafa wata ta rasa kai, amma ga abin da ta ce: "Akuya ta ci, ba ta sani ba. Malam ya yi ƙarya."

A duk shekarun da na yi ina koyarwa ba a taɓa ce mini maƙaryaci na ji daɗi irin na ranar ba. Ban gyara mata ko ɗigo ba, na bar gyara sai gobe. Tun daga nan kullum sai na shirga mata sabuwar ƙarya. Na rubuta cewa wainar Goggo ɗaci gare ta, ta cika allo da kare goggonta. Na rubuta cewa Malam Tanimu saurayi ne kyakkyawa, ta amsa cewa Malam tsoho ne, gwiwarsa tana kuka in zai tashi. A hankali ta daina jiran ƙaryata, ta riƙa kawo nata labarin, ni kuma in ja layi a ƙarƙashin kuskure ɗaya ko biyu, ba duka ba, don kada in kashe mata gwiwa.

Ana cikin ruwan ƙarshe, wata rana da hantsi muna rumfa, aka yi wata tsawa da ta sa akuya ta tsinke igiya, ni da auduga a kunne ma sai da na zabura. Lantana ba ta ko ɗago kai daga allo ba. Goggo tana tsaye da ludayi a hannu, ta dube ta, ta dube ni, ta juya ta shige ɗaki. Da na matso, yarinyar ta rubuta mini cewa tun shekaranjiya kunnen ya rufe, ba ta so ta faɗa wa Goggo.

Da aka fara cirar zuma jirgin ya iso. Gari ya fito bakin teku, masu tulunan zuma a gaba, 'yan kallo a baya. Malamar ta sauko, wata gajeriyar mace mai furfura, da allo rataye a wuya, sunanta Odila. Na rubuta mata gaisuwa da bayani, ta dube ni da mamaki, ta yafito Lantana. Riƙau Cindo yana can baya a tsaye, ya harɗe hannuwa.

Malama Odila ta rubuta umarni, Lantana ta karanta ta je ta ɗebo ruwan teku a tafin hannu. Ta rubuta wani, ta je ta taɓa igiyar jirgi ta dawo. Mutane suka fara gunaguni, wai da ido muke yi mata nuni, don haka na juya musu baya gaba ɗaya. Da na waiwayo, malamar ta goge allon ta rubuta tambaya ɗaya: ki ba ni labarin wani sauti da kika ajiye.

Lantana ta tsaya da alli a hannu. Ga manyan gari jingim, ga ubanta, ita kuma an ce ta ƙago magana a gabansu. Ta dube ni. Ba ni da ƙaryar da zan yi mata a nan, iyakacin abin da na yi, na zaro audugar daga aljihu na nuna mata. Ta juya ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta durƙusa a kan yashi ta fara rubutu, ta cika fuskar allon ta juya bayansa.

Malama Odila ta karanta, ta sake karantawa, ta dafa kan yarinyar. Ta rubuta mini cewa ta karɓe ta, saura yardar uba.

Cindo ya ratso jama'a ya tsaya a gabana. "Me ta zana?"

Na duba allon na ce, "Ranka ya daɗe, in faɗa a gaban mutane?"

"A Jiyau ba a ɓoye magana. Faɗi."

Na fassara masa yadda take. "Kowace safiya Babana yakan tsaya a ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya kafin ya kira ni. Ba ya cewa Lantana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Cewa yake, Uwata. Ya daina tun kunnena bai mutu ba. Ban yi fushi ba, na san koyon rashina yake yi. Amma tun da na koma gidan Goggo, kullum da sassafe yana zuwa ƙofar, ina ganin ƙafarsa ta ƙarƙashin asabari. Ba ya cewa komai, sai ya tafi. Muryar tana wurina, ba ta bi kunnen ba."

Cindo ya rufe ido yadda ya saba. Ya ce, "Yaya Tabawa, ke kika gaya masa?"

Goggo ta ce, "Ni ina na sani? Lokacin ina wajen niƙa. Kai dai Cindo, Allah Ya shirye ka."

Ya buɗe ido ya dubi allon, karo na farko da na ga ya dubi rubutu da gaske. "Malam, yadda ta faɗa maka ba da baki ba, haka za a iya faɗa mata?"

"Haka, ranka ya daɗe."

"To zana mata, ta je ta dawo." Ya nuna allon da yatsa. "Ka fara da sunan da nake kiranta."

Na rubuta saƙon da Turanci, amma sunan na bar shi da Hausa, da haruffan nan dai da ta sani. Ba ta taɓa ganin harshenta a rubuce ba. Ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa sautin da na raɗa mata lokacin da take ji, bakinta yana motsi. Sai na ga ta tsaya cik. Ta ɗago kai ta dubi ubanta ta ce, da muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, "Na'am, Baba."

Ban ga abin da ya biyo baya ba, don a daidai lokacin yashi ya shiga mini ido, na juya ina murzawa.

Jirgin ya ɗauki zuma ya ɗauki Lantana. Na ba ta littafin da abin da akuya ta rage, Goggo ta cika mata ƙwarya da waina tana faɗa wai an sa ta asarar gero. Ni kuma na ga aikina ya ƙare, ƙafata ta fara ƙaiƙayin hanya, na ɗaure kayana. Da safe na biya bakin teku don in yi sallama da wurin, sai na hangi mutum a tsugune inda ruwa ya janye, yana ta waige-waige. Da na matsa, sai ga Riƙau Cindo da tsinke a hannu, ya cika yashi da zane kamar na kajin da ya faɗa.

Ya ji takuna tun daga nesa, amma bai tashi ba. Ya ce, "Malam, na farkon nan mai kama da ƙwarya a buɗe, na same shi. Na biyun ne ya gagare ni. Na ga ka yi shi jiya, amma idona ba ya riƙo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni tafiya zan yi."

Ya dubi ƙunshin da ke kafaɗata, ya dubi teku. "Za ta zo hutu baɗi da jirgin zuma. Ba na so in nemi ɗan aike tsakanina da uwata."

Na sauke kayan, na tsuguna kusa da shi, gwiwata ta yi kukan da Lantana ta faɗa. Na karɓi tsinken na ce ya kawo hannunsa.

Haka na ƙara shekara a Birnin Jiyau, daga baya har mutanen tudu Goggo ta riƙa sauko mana da su ɗaukar darasi. Amma ban taɓa samun ɗalibi mai taurin ido irin Cindo ba. Mutumin da ya riƙe asalin gari guda a kansa, ka nuna masa harafi ranar Alhamis, ya dawo maka Litinin fes. Sai ya zauna a kan yashi, ya share wuri da tafin hannu, ya ce, "Malam, a sake." Ni kuwa in sake, ban taɓa gajiya ba.

Nan na sauke hikayata. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na ƙara gishiri ku yafe wa Rediyo. A miƙo mini shayin tun bai huce ba.